Kofuna Biyun Da Ke Bayansa

Masu karatu, yau ba zan rage muku komai ba, don abin ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Ga wadda yau ta fara leƙo wannan shafi, sunana Dasom, shekarata talatin da ɗaya, sana'ata duba da katin tarot, katin masu duba mai hotuna, a wani ɗan shago cikin kasuwar ƙarƙashin ƙasa a nan Daegu ta ƙasar Koriya, tsakanin mai sayar da safa da mai gyaran waya. Labule ne ruwan kunkumadi, teburi ɗaya, kujeru biyu, sai wata fanka da ta fi kuka a kan iska. Idan aka tambayi Omma, mahaifiyata, aikin 'yarta sai ta ce "tana ba mutane shawara," ta yi maza ta kawo wata maganar.

Tun da na cika talatin Omma ta kafa min ƙahon zuƙa a kan aure. In na ci abinci da yawa ta ce haka zan yi a gidan miji? In na ci kaɗan ta ce wa zai ɗauki tsinke? Sai ga Imo, ƙanwarta, ta zo da hoton wani a waya, Gong Taeyul, mai shagon gilashin ido, ɗan shekara talatin da bakwai. Matarsa Haerim ta rasu shekara uku da suka wuce, ba su haihu ba.

"Ya taɓa aure fa," na ce.

"To sai me?" in ji Omma, tana tsinke wake a tire ko ɗagowa ba ta yi ba. "An riga an koya masa ɗora takalmi a kan kanta. Ke kin san wahalar da na sha kafin ubanki ya koya?"

Na je ganinsa ne don a bar kunnena ya huta, sai abin ya juye da ni. Mutum ne mai sanyi, ba ya katse wa kowa magana, in yana sauraronka sai ya ɗan karkatar da kai. Ranar farko ya karɓi gilashina ya ɗaure ɗan ƙusan da ya kwance, ya goge shi da gefen hankicinsa, ya mayar min a fuska da hannunsa. Na koma gida ina murmushi ni kaɗai a cikin jirgin ƙasa kamar wata sakarya. Ina son shi, wannan kam ba zan yi muku ƙarya ba.

To kun san a sana'armu ba a so mutum ya duba wa kansa, don ido yana ganin abin da zuciya ta aike shi ne. Ni ma haka nake faɗa wa masu koyo. Amma da yamma in kasuwa ta lafa sai hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, in ce bari in ja ɗaya tak.

Katinmu gida huɗu ne, akwai takubba, sanduna, tsabar kuɗi, da kofuna. In takubba suka fito na san rigima ce, in sanduna ne aiki ne da rawar kai. Kofuna kuwa, nan ne ake kuka a shagona, shi ya sa ba na rabuwa da kwalin tishu. Kofi ba ya cika kansa, wani ne ke zuba maka, kai ma ka zuba wa wani, don haka in kofuna suka fito ba na tambayar mace abin da take ji, tambayarta nake wa ya zuba mata, kuma ita wa ta zuba wa bai sha ba. Na ɗaya kofi ne da ya cika har yana tumbatsa, sabon so ke nan, mai shi ba ya jin kira. Na biyu mace da namiji ne suna musayar kofi, shi 'yan mata ke biyana in nemo musu. Na bakwai ruwan ido ne, kofuna birjik a cikin gajimare an rasa na ɗauka. Na takwas mutum ya jera kofunansa tsaf ya ɗauki sandarsa ya yi gaba, ba faɗa ba zagi, ya dai gaji.

Ni tun da na haɗu da Taeyul, kati ɗaya ne ya zame min ƙarfen ƙafa, na biyar. Wani mutum ne tsaye cikin baƙar riga har ƙasa, ya sunkuyar da kai yana kallon kofuna uku da suka kife, abin cikinsu ya malale a ƙasa. A bayansa akwai biyu a tsaye, a cike, bai ko waiwaye su ba. In na cakuɗa katin sai ya faɗo min a cinya. In na raba tarin biyu sai in gan shi a ƙasa. Na sa shi a aljihun teburi na kulle, na ja wani, daga baya na ji kunyar kaina na mayar da shi.

Ban tsorata ba a lokacin, don na san karatunsa tun ina koyo. Mata nawa na dafa wa hannu na ce, "Ki daina kallon wanda ya zube, ki waiwaya, akwai biyu suna jiranki." Sai na ce wa kaina ai ga shi nan ƙarara, mai baƙar rigar Taeyul ne, ukun da suka zube Haerim ce, biyun da ke bayansa ni ce. Haƙuri kawai zan yi har ya waiwayo, kuma ina da shi.

Ranar Lahadin da ta wuce aka sa iyaye su haɗu a ci abincin rana a tsayar da magana. Tun da safe gidanmu ya kaɗe. Omma ta fito da jakarta mai ƙullin zinariya da ba ta ɗauka sai biki, ta sa kwat ɗinta ruwan toka duk da zafin damina, ta zuba ɗankunnen lu'ulu'un da Appa, mahaifina, ya saya mata kafin ya rasu. Ni ta hana ni sa jan baki mai duhu, ta zaɓar min doguwar riga ruwan madara mai ƙananan maɓallai har wuya, ta sa na cire zoben azurfan da nake sawa a babban yatsa.

"Cire wannan, kamar 'yar bori. Kuma in uwarsa ta tambayi aikinki ki bar ni in amsa."

"Omma, ta sani fa."

"Sani daban, ji daga bakinki daban. Miƙe bayanki."

Muna cikin tasi saƙonsa ya shigo. "Mun iso. Ana ruwa, ki kula da matakala, akwai santsi." Na tura masa hoton ɗan zomo mai ɗaga hannu. Imo da ke gefena ta leƙa ta ce, "Kai, wannan ai ya gama mutuwa a kanki." Na ji daɗin maganar, ban kawo komai a raina ba.

Ɗaki aka ware mana a gidan abincin, mai ƙofar katako da ake ja gefe, teburi na ƙasa, matasai a jere. An cika shi da ƙananan kwanoni har babu wurin ajiye waya, ga gasasshen kifi a tsakiya, ga haƙarƙarin sa da aka dafa da kabewa. Mahaifiyarsa 'yar ƙaramar mace ce mai gashi a naɗe, murmushinta ba ya kaiwa ido. Mahaifinsa dattijo ne mai yawan gyaran murya, shi ya sa aka kawo giyar shinkafa a 'yar buta, ya ce rana irin ta yau ba a barinta a bushe. Taeyul ya zuba wa manya da hannu biyu. Dattijon da kansa ya zuba min, na karɓa da hannu biyu, na kawar da kai gefe na kurɓi rabi, na ajiye.

Hira ta yi daɗi. Omma da uwarsa suka shiga maganar wata, wannan ta ce kaka ta fi, waccan ta ce kafin sanyi dai. Imo tana ta zuba, wai ita tun a hoto ta ga hancinmu ya dace. Ruwa yana dukan taga. Na saci kallon Taeyul na ga idonsa a kan kofina, fuskarsa ta yi wani irin laushi da ban taɓa gani ba. Na zaci kunya ce.

Sai ya tashi a kan gwiwoyinsa. Ya ɗauki butar da hannu biyu, ya miƙo ta kan kofina da ke da saura, ya zuba kaɗan ya tsaya, ya sake zubawa ya tsaya, ya zuba na uku har ya cika taf. Ya ɗauki sandunan cin abincina ya daidaita bakinsu a kan teburi, ya kwantar da su a kan kifin. Sannan ya ja da baya ya sunkuyar da kai.

Masu karatu, tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Babu wanda ke ɗakin nan da bai san wa ake yi wa haka ba. Ba a ƙara wa mai rai giya a kan saura, sai ya shanye ake zuba masa. Haka muke yi wa Appa duk shekara ranar da ya rasu, mu cika masa kofi a zubi uku, mu ɗora masa sanduna a kan abin da ya fi so. Ina zaune da raina, da rigata ruwan madara, mutumin da zan aura ya yi min hidimar matattu a gaban uwata.

Imo ta bar baki buɗe da loma a ciki. Dattijon ya yi gyaran murya. Uwarsa ce ta kai masa duka a hannu, ba da ƙarfi ba, ta ce a hankali, "Taeyul-a. Dawo."

Ya ɗago kamar wanda aka tasa daga barci. Ya dubi kofin, ya dube ni, jini ya bar fuskarsa. "Dasom-ssi, ni..."

"Gajiya ce," in ji Omma da sauri, tana dariyar da na san ba tata ba ce. "Masu shago ai ba sa hutawa. A kawo mata wani kofin."

Aka kawo wani. Wancan aka ture shi gefe, babu wanda ya taɓa shi, babu kuma wanda ya iya cewa a ɗauke. Haka ya zauna a ƙarshen teburin a cike har muka tashi, kuma duk wanda zai miƙa hannu sai ya kauce masa.

A tasi na ɗauka Omma za ta ce an fasa. Tana ta murza ƙullin jakarta har muka wuce gada, sannan ta ce, "Hannu ne ya saba."

"Omma, kin ga abin da ya yi min kuwa?"

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Shekara uku yana yi shi kaɗai, me kike so hannun ya yi? Namijin da ya riƙe wadda ta mutu haka, ke mai rai ce zai yasar? Ni ubanki yana da rai ma bai taɓa sanin kofina ya yi rabi ba."

"To ni ya zuba wa ko ita?"

"Ke kika zauna a wurin, ke aka zuba wa. Kada ki kawo min iyayin katinki a nan. Uwarsa tana jiran amsa kafin ƙarshen mako, kuma 'eh' za mu ce."

Na kifa kaina a gilashin mota na yi kukana ba sauti, Imo tana shafa min gwiwa tana cewa ai ba komai, a wasu ƙasashen ma ƙara wa mutum a kan saura girmamawa ce. Na ce mata mu ba a wasu ƙasashen muke ba.

Litinin da Talata na buɗe shago don zaman gida ya gagare ni. Saƙonni suka yi ta shigowa. Imo: "Uwarsa ta kira sau biyu tana ba da haƙuri, kunya kamar ta nutse." Omma: "Kin ci abinci? Ki kira shi." Omma kuma: "Na ga kin karanta." Shi kuwa layi ɗaya ya turo, "Ba ni da bakin magana," daga nan tsit.

Damina ta sa kasuwar ƙasa tana warin jiƙaƙƙen siminti, katina har sun fara manne wa juna. Ranar Talata da rana wata ɗaliba ta zo a kan saurayinta, ta ja sarauniyar kofuna, wadda ke zaune a bakin ruwa riƙe da kofi mai murfi. Kullum cewa nake mace ce mai zurfin ciki, ta san abin da take ji ba ta buɗe wa kowa. Ran nan ina kallon matar katin sai na ga kamar ba kofin take kallo ba, jira take a fita a ba ta wuri. Ina ta kallon katin har yarinyar ta kira ni yadda ake kiran yaya mace ta ce, "Onni, mugun abu ne?" Na ce a'a, na lallaɓa na sallame ta.

Bayan ta fita na zuba shayin sha'ir a kofina, na sha rabi, na zaga banɗaki. Da na dawo kofin a cike yake har baki. Na tsaya a bakin labule ƙafata ta ƙi shiga. Na leƙa wurin mai safa na ce, "Ajumma, ke kika ƙara min shayi?"

Ta dube ni ta saman gilashi. "Ni da ban gama da nawa ba? Ina ruwana da kofinki."

Ƙila ban sha ba ne na ɗauka na sha, kaina ba daidai yake ba kwanakin nan. Haka na faɗa wa kaina. Amma ban iya shan shayin ba, ban kuma iya zubar da shi ba, sai na rufe shi da murfin kwali na tura ƙarƙashin teburi.

Jiya Laraba wajen la'asar labule ya motsa, sai ga shi. Ya rame a kwana ukun nan, farar rigarsa ta jiƙe a kafaɗa, lema a hannu ɗaya, ɗaya hannun da ledar nan tasa ta kullum. Tun da damina ta faɗi bai taɓa zuwa wurina hannu rabbana ba, sai da boksunga, 'ya'yan itacen nan da Turawa ke ce wa peach, manya masu laushi masu jan kumatu, ya zauna ya fere min da 'yar wuƙar aljihunsa yana kallona ina ci. Ya ajiye ledar a gefen ƙafarsa, bai tsaya inda ya saba tsayawa ba, ya ja kujerar masu zuwa duba ya zauna.

"Na zo a duba min."

"Mun tashi."

"Labulenki a buɗe yake, Dasom-ssi."

Na so in kore shi, na rantse na so. Amma ganinsa kawai sai da zuciyata ta yi wani irin tsalle, na ji haushin kaina. Na cakuɗa katin na baje su a kan ƙyallen teburi kamar yadda nake yi wa kowa, na ce da muryar aiki, "Ka riƙe tambayarka a rai. Da hannun hagu, uku."

Na farko na shida ne na kofuna, yara biyu a tsakar wani tsohon gida, babban yana miƙa wa ƙaramar kofi cike da furanni. Na ce, "Wannan baya ne. Wani wuri da ka taɓa jin daɗi, kana komawa can kullum, ko ba a kira ka ba."

"Tare muka yi firamare da Haerim," ya ce.

Ban tambaye shi ba, amma na haɗiye. Na buɗe na biyu, na huɗu ne, mutum zaune a gindin bishiya ya harɗe hannu, ana miƙo masa kofi ya ƙi dubawa. "Wannan kai ne yanzu. Ana ba ka, ba ka karɓa."

Bai musa ba. Tun kafin in juya na ukun na san ko wane ne, yatsuna sun san gefensa da ya ɗan lanƙwashe. Mai baƙar riga ya fito ya tsaya a tsakaninmu. Na ja numfashi na karanta masa abin da na karanta wa mata ba adadi, abin da na yi wata da watanni ina lallashin kaina da shi. Na ce ukun nan sun zube, ba sa dawowa, kallonsu ba ya mayar da ko ɗigo. Na ce a bayansa akwai biyu a cike, abin da ya rage masa ke nan a duniya, waiwaye kawai ake jira ya yi. Muryata ta ɗan karye a wurin, na san ya gane wa nake nufi.

Ya jawo katin gabansa, ya gyara gilashinsa, ya daɗe yana kallo kamar yadda yake duba idon mutane a shagonsa.

"Ba zubewa suka yi ba," ya ce.

"Me?"

"Ukun nan. Zubar da su ya yi. Ai kafin a fara komai sai an zuba sau uku a ƙasa a kira mamacin, in ba haka ba ta ina za ta san an shirya mata?" Ya sa yatsa a kan biyun da ke tsaye. "Waɗannan kuma ya cika su ya ajiye. Ba mantawa ya yi da su ba. In gida babba ne sai a fita a ja ƙofa a bar matattun su ci a natse. A gida irin nawa mai ɗaki ɗaya babu ƙofar da za a ja, sai dai ka juya baya ka jira. Mutumin nan jira yake ta gama sha. Bai kamata ya waiwaya ba."

Masu karatu, shekara tara ina riƙe da katin nan, ban taɓa ganin haka ba, kuma tun da ya faɗa na kasa ganin wani abu daban. Wurin da na zaɓar wa kaina, na zauna ina jiran a waiwayo ni, ashe teburin wata ne. Ban tambaye shi na wane ne kofi na biyun ba, tsoron amsar nake. Fanka tana ta kukanta, ni kuma sanyi nake ji har cikin haƙora.

"Ranar Lahadi," ya ce, "ban san lokacin da na tashi ba. Na ga kofi da saura, ana ruwa, ga ƙamshin kifi. Na ji hankalina ya kwanta kamar ina gida. Ban yi don in ci miki fuska ba."

"Na sani. Da cin fuskar ne da ya fi min sauƙi."

Ya sunkuyar da kai. "Asabar mai zuwa ce ranar rasuwarta. Mahaifiyata ta ce wannan ya zama na ƙarshe, in an yi aure a rufe maganar, ta ce kada ma in faɗa miki. Ni ba zan iya dainawa ba, Dasom-ssi. Iyayenta sun rasu, ba ta da ɗa, in na daina babu mai zuba mata ko ruwa. Gara ki sani tun kafin ki ba da amsa."

Na san abin da yake nufi, kowace mace a ƙasar nan ta sani. Teburin matattu ba ya dafa kansa. Matar gida ce ke tsayuwa tun safe tana soya wainar ƙwai da kifi, tana goge kwanonin tagulla, tana yanke kan tuffa. In na ce eh, duk shekara ni zan dafa wa Haerim, in jera mata, in juya baya tare da mijina mu jira ta ƙoshi.

Abin da zai ba ku haushi da ni shi ne, a daidai lokacin na ji zan iya. Na dubi jiƙaƙƙiyar kafaɗarsa na ce a raina, mace ce da ba ta da kowa, me ta yi min? Rana ɗaya ce a shekara, sauran duk nawa ne. Wayata ta yi ƙara a kan teburi, Omma ce, na kife ta. Na ji bakina yana cewa, "Me ta fi so a abinci?"

Fuskarsa ta saki, har idonsa ya kawo ruwa. Ya dubi ledar da ke gefen ƙafarsa.

"Boksunga," ya ce, yana ɗan murmushi. "Takan ci har ruwan ya gangaro mata a gwiwar hannu. Kuma kin san shi kaɗai ne ba a ɗorawa a teburin matattu, korar su yake, ko ƙamshinsa suka ji ba sa shigowa. Shekara uku ina wucewa ta gaban masu sayarwa, ba ni da inda zan kai mata."

Ya faɗe shi ne da zuciya ɗaya, bai ma ji abin da ya faɗa ba. Har ya sunkuya ya ciro ɗaya, ya buɗe 'yar wuƙarsa, ya fara fere shi a kan ƙyallen katina, ɓawon yana sauka a hankali bai tsinke ba.

Ni boksunga ƙaiƙayi yake sa min. Tun ina yarinya in na ci sai leɓena ya kumbura, maƙogwarona ya yi ta ƙaiƙayi har dare. Damina guda ina ci ina murmushi, in ya tafi in haɗiyi magani, don kawai yadda yake kallona in ina ci. Na ɗauka ni yake kallo.

Ya yanko yanki ɗaya ya miƙo min a bakin wuƙa, ruwan yana ɗiga a kan mai baƙar riga. Ban karɓa ba.

"Taeyul-ssi," na ce, "ni fa? Me na fi so a abinci?"

Ya buɗe baki da saurinsa kamar amsar tana kan harshensa. Na ga idonsa yana nema, ya dubi fuskata, ya dubi teburin, ya dubi abin da ke hannunsa. Na ba shi lokaci, Allah ya sani na ba shi, ina roƙo a raina ko da kuskure ne ya ambaci wani abu, ko taliyar sanyi, ko gasasshen dankali, komai dai da zan ce nawa ne. Wayata ta ci gaba da rawa a kife a kan teburi. A hankali ya sauke hannunsa, ya rufe bakin.